Wasan Barlin da Shaidar Baƙo

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma da sharaɗi, watau in ba mai kaya ne ya zaɓi abin da za a gani ba. Duk ɗan kasuwar da ya daɗe a rumfa ya san buhun da aka yi wa algus, tsaba mai kyau a baka, tsakuwa da ƙaiƙayi a gindi. Haka kuma malamin da ya saba da zauren alƙali ya san ba a karɓar shaidar mutum sai an bincika ta yaya ya ga abin da ya ce ya gani. To, irin wannan algus ne masu mulkin kama-karya na Turai suka yi wa duniya kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma buhun da suka zuba shi ciki shi ne wasan motsa jiki.

Musolini, wanda ya kama mulkin Italiya a 1922, shi ya share hanya. A 1934 ƙasarsa ta sauki gasar tamaula ta duniya. Ƙasashe 16 suka buga, har da Masar, wadda ita ce ta farko daga Afirka. Ran 10 ga Yuni aka yi wasan ƙarshe a birnin Rum, a filin da aka raɗa wa sunan jam'iyyarsa ta Fasisti, yana zaune yana kallo. Italiya ta ci Cekoslobakiya 2 da 1. Bai wadatu da kofin gasar ba, sai ya ba da wani ƙaton kofi nasa na kansa, don jama'a su san wa za su gode wa. Baƙi suka koma gida suna yabon tsari da kyawun filaye. Wata 16 bayan haka, a Oktoba 1935, sojojinsa suka auka wa ƙasar Habasha, suna zuba wa mutane iskar guba daga jiragen sama, har suka shiga Adis Ababa a Mayu 1936.

Hitila ya ga wannan ciniki ya yi riba. Tun 1931 aka ba Barlin, babban birnin Jamus, izinin saukar wasannin Olamfik na 1936, shi kuwa sai 1933 ya hau mulki. Gobels, ministansa na furofaganda, watau mai aikin juya tunanin jama'a, ya nuna masa cewa wannan dama ce ta wanke sunan gwamnati a idon duniya. Sunan kuwa yana bukatar wanki, gama a Satumba 1935 an kafa dokokin Nurambag, waɗanda suka ƙwace wa Yahudawan Jamus haƙƙinsu na 'yan ƙasa, suka hana auratayya da su. Mutane da yawa a Amurka suka ce kada a je. Amma Aberi Brondej, shugaban kwamitin Olamfik na Amurka, ya riga ya ziyarci Jamus a 1934, masu masauki suka zaga da shi inda suke so, ya komo ya ba da shaida cewa ba laifi. A Disamba 1935 aka jefa ƙuri'a, masu son zuwa suka yi rinjaye da ƙyar.

Da baƙi suka kusa isowa, sai aka shiga sharar gida. Aka ciccire allunan da aka rubuta ba a son Yahudawa. Aka kwashe ɗaruruwan mutanen ƙabilar Sinti da Roma daga birnin, aka tsare su a Marzan, can bayan gari. A wannan bazarar ce kuma ake gina sansanin azaba na Zaksanhauzan, arewa da Barlin kaɗan. Wata Bayahudiya mai tsallen sama, Gretel Bargman, an bar ta cikin masu shiri don a rufe bakin masu suka. A Yuni ta tsallake mita 1.60, daidai da mafi girman abin da wata mace ta taɓa yi a Jamus. Saura mako biyu a fara, jirgin 'yan wasan Amurka ya riga ya taso, sai aka aiko mata da takarda wai ba ta isa ba.

Ran 1 ga Agusta 1936 aka buɗe wasa a fili mai cin mutum 100,000. Ƙasashe 49 suka zo. A wannan shekara aka fara al'adar ɗauko wuta daga Olimfiya ta ƙasar Girka, 'yan gudu fiye da 3,000 suna miƙa wa juna har Barlin. Rediyo ya kai labari ko'ina, Leni Rifenshtal kuma ta ɗauki silima wadda ta fito a 1938. Italiya, wadda jinin Habashawa bai bushe a hannunta ba, aka marabce ta da tafi, har ta ci zinariyar tamaula.

Wani zai ce, ai Jesi Owans ya kunyata Hitila. Lalle wannan baƙar fata na Amurka ya ci zinariya huɗu: gudun mita 100, na mita 200, dogon tsalle, da gudun miƙa sanda. Ya ƙaryata da'awar fifikon jinsi a gaban masu ita, kuma Luz Long, Bajamushen da ya zo na biyu a tsalle, ya taya shi murna a bainar jama'a. Wannan abin yabo ne. Amma mai lissafi ba ya duban ciniki ɗaya, jimla yake dubawa. Jamus ce ta fi kowa lambobin yabo, Amurka na bin ta. Abin da mai gida ya nema tun farko shi ne baƙi su zo, su ci, su koma su ce gidan lafiya lau, kuma ya samu. Owans kansa ya koma ƙasar da ake ware baƙaƙe, shugaba Rosbelt bai aika masa da ko gaisuwa ba, har ta kai shi ga yin tsere da dawakai don neman abinci.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A Maris 1938 Hitila ya haɗiye Ostiriya, a Nuwamba aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa da shagunansu, a Satumba 1939 ya auka wa Polan. Luz Long ya mutu a yaƙi a Sisili a 1943. Wutar ta ci har inda ba a ji tafin Barlin ba, gama sojojin Nijeriya, cikinsu da Hausawa masu yawa, suna cikin waɗanda suka kori Italiya daga Habasha a 1941.

Laifin ba na wasa ba ne, gumin ɗan gudu halalinsa ne. Laifin na manyan da suka amsa gayyata ba su zurma hannu cikin buhu ba. Saboda haka duk sa'ad da wani mai iko ya kira duniya biki, ya kamata mai hankali ya tambaya wa aka kawar daga hanya kafin baƙi su iso, wa kuma aka hana shiga fili. Wanda ya yaba bai bincika ba, ya yi shaidar zur ko da bai nufa ba.

Wasa kuma yana iya ba da shaidar gaskiya. A 1960 aka yi Olamfik a Rum. Abebe Bikila, sojan Habasha, ya yi gudun kilomita 42 ba takalmi, ya wuce ta gaban dogon dutsen Aksum da sojojin Musolini suka kwaso daga ƙasarsa a 1937, ya zo na ɗaya. Wannan ba wanda ya shirya wa baƙi shi, da idonsu suka gani. Allah ya sa a gane.