A Ba Mu Ɗakin Haɗa Ƙananan Jirage

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu girma, ina so in yi amfani da wannan fili da mujallarmu ta ba ni in yi magana a kan wani aikin hannu wanda mu 'yan kaɗan muke yi a makarantar nan, wanda kuma mutane da yawa suke yi wa kallon shiririta. Aikin kuwa shi ne haɗa ƙananan jiragen sama na yaƙi, watau irin waɗanda ba su wuce tsawon taƙi ɗaya ba, amma kome nasu ya yi daidai da na babban jirgi. Ra'ayina shi ne ya kamata hukumar makaranta ta karɓe mu a matsayin ƙungiya kamar sauran ƙungiyoyi, ta ba mu ɗaki da lokaci, iyayenmu kuma su daina ganin abin nan ɓata lokacin karatu ne. Ga dalilaina.

Da farko bari in bayyana abin ga wanda bai taɓa gani ba. Jirgin yakan zo a cikin kwali, an zuba shi gunduwa-gunduwa da roba mai tauri, kowace gunduwa tana maƙale a jikin mariƙinta da lambarta. Akwai takarda mai zane wadda ke nuna abin da za a fara da abin da zai biyo baya. A bayan kwalin akan rubuta 1:72, ma'anarsa kuwa ita ce an raba kowane awo na babban jirgin gida 72 an ɗauki ɗaya, watau inci ɗaya a nan yana tsaye a madadin ƙafa shida a can. Wanda kawuna ya kawo mini tsaraba jirgin Alpha Jet ne, wanda Faransa da Jamus suka haɗa gwiwa suka ƙera, ya fara tashi a 1973, rundunar sojan samanmu kuma ta karɓi nata a farkon shekarun 1980. Faɗin fukafukan babban mita 9.11 ne. In ka raba da 72 za ka sami santimita 12 da rabi da ɗan ɗoriya, kuma da na aza rula a kan nawa haka na samu. Ran nan na ga rabawar da muke yi a allo ta zama abin da zan riƙe a hannu.

Aikin ba ya son gaggawa ko kaɗan. Za ka yanke gunduwa da reza, ka goge bakinta da takarda mai yashi irin ta kafintoci, ka gwada ta a mazauninta ba gam, sai ka ga ta zauna daram sa'an nan ka ɗiga. Gam ɗin kuwa narkar da robar yake yi har ɓangarorin biyu su zama ɗaya, saboda haka in ya yi yawa sai ya cinye jikin jirgin, in kuma ya taɓa gilashin matuƙi sai ya yi hazo, ba ya kuma gyaruwa. Tilas ne ka fenta kujeru biyu da allon agoguna tun kafin ka rufe cikin jirgin, gama in ka rufe buroshi ba zai sake shiga ba. Tilas ne kuma ka sa ɗan nauyi a cikin hancinsa, ni ƙaramin noti na sa, in ba haka ba sai ya zauna a kan wutsiya, tayar gaba tana reto. Wannan shi ne darasin cibiyar nauyi da malamin kimiyya ya koya mana. Fukafukan Alpha Jet daga kafaɗa suke fitowa su ɗan sunkuya ƙasa, to in ɗaya ya fi ɗaya sunkuyawa, ko da kaurin farce ne, ido zai gani daga nesa.

Bayan haɗawa sai ado, wanda shi ne ya fi cin lokaci. Ana tsinka fenti a shafa shi siriri-siriri sau biyu ko uku, ana jira kowane shafi ya bushe, domin shafi mai kauri yana binne 'yan layukan da ke jikin jirgin. Tamburan da suka zo a kwalina na sojojin Turai ne, ni kuwa na Nijeriya nake so. Saboda haka na nemi hotuna a intanet lokacin hutu, na auna inda da'irar nan mai kore da fari da kore take zama, na zana ta da kamfas a farar takarda, na yanka, na ɗauke ta da matsefata na manna. Wajen neman hotunan ne na karanta cewa jiragen nan sun yi aiki da dakarun ECOMOG a Laberiya a shekarun 1990, daga baya kuma a yaƙin da ake yi da Boko Haram. Makonni bakwai na yi kafin in gama. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.

To, me masu suka suke cewa? Na farko sun ce wasan yara ne, bai dace da wanda ya kai shekara goma sha shida ba. Ina roƙonsu su duba tarihi. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa Wilbur da Orville Wright wani abin wasa na takarda da gora wanda roba ke juya shi ya tashi sama. Yaran suka yi ta kwaikwayonsa. A 1901 suka yi wani akwati mai hura iska, suka gwada ƙananan fukafukai wajen 200 a ciki, sai ran 17 ga Disamba 1903 jirginsu ya tashi na daƙiƙa 12. Da ƙarami suka gane babba. Har ila yau a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojan ruwan Amurka sun nemi 'yan makaranta su sassaƙa musu ƙananan jirage 500,000 na katako a kan wannan awo na 1:72, domin a koya wa sojoji bambanta jirgin gida da na abokan gaba. Gwamnati ba ta neman abin wasa har rabin miliyan a lokacin yaƙi.

Amma me zai kai mu Amurka alhali misali yana cikin garinmu? A nan Kaduna aka yi jirgin koyon tuƙi mai suna Air Beetle, wanda ya fara tashi a 1989, sojan sama kuma suka yi odar guda 60. Asalinsa wani ƙaramin jirgin Amurka ne mai suna RV-6A, wanda ake sayar da shi gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa da kansa, kamfanin AIEP ya yi masa gyare-gyare don ya dace da bukatarmu. Watau aikin da ma'aikatan suka yi ɗan'uwan namu ne, bin zane da awo da haɗa gunduwa, sai dai nasu yana ɗaukar mutum biyu ya tashi da su. A nan Kaduna aka nuna jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a 2013, aka kuma ƙaddamar da Tsaigumi ran 15 ga Fabrairu 2018, wanda injiniyoyin sojan sama suka yi tare da wani kamfanin ƙasar Fotugal. A wannan gefen kogi kuwa, a Kakuri, an fara harhaɗa motar Peugeot 504 a 1975 da kayan da ake kawowa daga Faransa, ga kuma ma'aikatar ƙera makamai ta DICON wadda aka kafa a 1964. Kakannin wasunmu aikin masana'antu ne ya kawo su Kakuri da Makera da Nasarawa, can suka koyi riƙe sifana da karanta zane. Yau yawancin masaƙun nan sun rufe, yaro kuwa yakan gama sakandare bai taɓa auna wani abu ya yanka da hannunsa ba. In masana'antu suka farfaɗo, daga ina za a samo masu hannu?

Suka ta biyu ita ce ta jarrabawa, ita ce kuma ta fi damun iyayenmu. Suna da gaskiya su damu, gama da gumi suke biyan kuɗin littattafai da na jarrabawa, kuma wanda bai ci lissafi da kimiyya ba, ba zai shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya ko cibiyar AFIT ta sojan sama da ke nan Kaduna ba, ko da ya haɗa jirgi ɗari. Shi ya sa ba mu nemi a taɓa lokacin darasi ko na karatun dare ba. Awa biyu muke nema ranar Asabar da yamma, lokacin da wasu ke filin ƙwallo, wasu ke hira a gindin mangwaro. Kuma ai zanen injiniya da awo da cibiyar nauyi duk suna cikin manhajar da za a tambaye mu. Gani ya kori ji.

Ta uku ita ce tsada. Gaskiya ne kwalin nan daga waje ake kawo shi, da wuya ka same shi a kasuwanninmu, kuma yadda darajar naira ta faɗi ba kowane uba ne zai iya saye ba. Amma wane ne a cikinmu bai yi motar kara ko ta langalanga ba yana yaro? Hannun yana nan, abin da ya rage shi ne awo. Yaron unguwa da ido yake ƙiyastawa, shi ya sa tayarsa takan fi motar girma. In aka ba shi rula da zane mai fuska uku, watau jirgin ta sama da ta gefe da ta gaba, zai fitar da shi da kwali da gwangwani da guntun katakon da kafinta ya zubar, kamar yadda yaran 1942 suka yi da katako. Kwali ɗaya ya isa ƙungiya duka ta auna ta kwaikwaya. Wani abokina ɗan ajinmu ya riga ya fara Air Beetle da katako mai laushi, farfelarta kuma da murfin gwangwanin madara.

Suka ta huɗu ita ce ta fi nauyi, ban kuwa ɗauke ta da wasa ba. Wata malama ta tambaye ni, don me sai jirgin yaƙi? Mu 'yan Jihar Kaduna ne, ba mu manta daren 3 ga Disamba 2023 ba, sa'ad da jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bom bisa kuskure a kan masu taron Mauludi a ƙauyen Tudun Biri cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, hukuma ta ce mutum 85 suka rasu. Wanda ya san wannan ba zai ɗauki jirgin yaƙi abin ado kawai ba. Amsar da na ba ta ita ce, jiragen nan suna nan ko mun haɗa ƙanana ko ba mu haɗa ba, da kuɗin ƙasa aka saye su, 'yan ƙasa ne kuma za su tuƙa su, su gyara su, su yanke shawarar inda za a aika su. Wasunsu ma daga cikinmu za su fito. Na fi so su zama mutanen da suka saba tun suna yara da dubawa sau biyu kafin su yanke, waɗanda suka san akwai kuskuren da ba ya gyaruwa. Duk da haka, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da na yaƙi ba, ga jirgin fasinja, ga na koyon tuƙi, awon duk ɗaya ne.

Saura maganar reza da gam. Dokar makaranta ta hana ajiye su a ɗakin kwana, kuma dokar tana da hujja, gama kowa ya san ɓarnar da shaƙar sholisho ke yi wa samari a unguwanni. Ba mu ce a soke ta ba. Wannan doka ma ita ce babban dalilin da ya sa muke neman ɗaki. In akwai kabad mai makulli a ɗakin koyon sana'a, mabuɗi yana hannun malami, sai a ƙirga reza da gam a ba mu, mu yi aiki taga a buɗe, mu mayar a ƙirga. Yanzu kuwa sai lokacin hutu muke aiki a gida, kowa shi kaɗai, ƙanana 'yan aji ɗaya da suke sha'awa ba su da wanda zai nuna musu.

Saboda haka ga roƙona a taƙaice. Shugaban makaranta ya taimaka ya ba mu kusurwa a ɗakin sana'a da malami ɗaya mai kula. Ƙungiyar iyaye da malamai ta taimaka da rula da fenti da buroshi, tsofaffin ɗalibai da suke aikin soja ko injiniya kuma su tuna da mu da kwali ɗaya ko biyu. Mu kuma mun ɗauki alkawari, duk wanda sakamakonsa na lissafi ya yi ƙasa za a dakatar da shi sai ya gyara, kuma ranar ba da kyaututtuka za mu jera abin da muka yi a kan tebur, kowane jirgi da takardar awonsa, mu ajiye rula a gefe domin duk mai shakka ya auna da kansa. 'Yan'uwa mata ma muna gayyatarku, aikin ba ya bukatar ƙarfin damtse. A gwada mu zango ɗaya, sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah ya ba mu sa'ar karatu, amin.