Jarumin da Ba Ya Faɗuwa: Laifin Marubuci Ne Ko Namu?

Ka taɓa cewa bari ka karanta shafi ɗaya ka kwanta, sai kawai ka ji kiran assalatu? Ni kam ya faru da ni a zangon karatun da ya wuce, ana gobe gwaji. Wani labarin aljanu ne a guruf ɗin WhatsApp ya riƙe ni har asuba. Abin haushin, sai da na yi nisa na lura abu ɗaya ake ta maimaita mini: a kawo sabon matsafi, jarumi ya harare shi, ya ƙone ƙurmus, a kawo wani.

Masu yabon irin waɗannan labarai suna da hujja. A da, sai ka bi ta hannun maɗaba'a da 'yan kasuwar littafi a Kano kafin a san da kai. Yau yarinya tana ɗakinta a Funtuwa ko Maraɗi, da wayarta kawai, ta gina birni a ƙarƙashin teku, ta ɗora a Wattpad ko ArewaBooks, kafin gari ya waye an karanta a Kumasi. Kuma labaran sun dawo da mutane karatun Hausa, waɗanda rabonsu da littafi tun sakandare.

Masu suka kuwa, wasunsu cewa suke ƙarya ce zalla, kuma baƙuwar al'ada. A nan na raba gari da su. Gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma duk akwai aljanu a cikinsu. A 1969 Umaru Dembo ya ɗaga yaro Kilba zuwa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Kafin su duka, kakanninmu sun raine mu da Gizo da Dodo.

Ciwon da nake gani shi ne ƙarfin da ba a biyan komai a kansa. Alhaji Imam ya sha wuya kafin ya ɗebo ruwan Bagaja. Yau ya yi wa Malam Zurƙe wayo, gobe Zurƙe ya rama. Gizo ma kwaɗayi kan ja masa duka. Macijin rijiyar Kusugu yana da doka: ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Dokar nan ce ke sa gabanka faɗuwa. Jarumin da zobensa ke warware komai, me za ka ji masa tsoro?

To ɗan'uwa, 'yar'uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, da hannunmu a ciki. Marubuciya ta saki shafukan kyauta, sannan ta ce sai an biya. Daga nan mun hana ta sakat: kullum a ba mu sabon shafi. Ga lakca, ga girki, ga rashin wutar cajin waya, yaushe za ta zauna ta tsara inda labarin ya dosa? Ranar da ta bari jarumi ya sha kashi, sai a yi mata ca, wasu har da barazanar daina karantawa. Idan ta kammala kuma, wani ya kwafe littafin ya watsa shi kyauta. Wanda aka yi wa haka, dole ya ja labari kamar ƙosai a bakin mara haƙori.

Idan kana son labari mai kyau, biya kuɗinsa, kuma kada ka tura shi wani guruf. Ka yi haƙurin kwana biyu ba sabon shafi. A wajen sharhi, bar jera hoton wuta da zuciya, ka yi tambayar da za ta sa marubuci tunani: wannan zoben, me yake karɓa daga mai shi?

Ku kuma marubuta, ga Dala, ga Kufena, ga Jangare birnin iskoki, suna jiran alƙalaminku, ba sai kun aro fada daga finafinan Indiya ko na Sin ba. Ku bar jarumin ya yi asarar da ba za ta dawo ba. Za mu yi ƙorafi kam, amma gobe mu ne farkon zuwa neman ci gaban labarin.