Maganin Gwiwa Ya Shanye Mini Jini

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai albarka in yi magana da 'yan'uwana masu fama da ciwon gwiwa, da 'ya'yan da ke sayo musu magani, da kuma masu riƙe da harkar lafiya a ƙasar nan. Ni tsohuwar malamar firamare ce, shekarata 62, kuma abin da zan faɗa a jikina ya faru.

Shekara bakwai ke nan da gwiwata ta dama ta fara ciwo. Da farko idan na tashi da asuba sai in ji ta sage, sai na ɗan taka kafin ta saki. Sannu a hankali ta fara ƙara idan zan hau matakala, sujada ta zama aiki, tsuguno a makewayi ya gagare ni. Kowa ya zo dubiya da sunan da zai ba ciwon. Wannan ya ce sanyin ƙashi ne, wancan ya ce amosanin gaɓɓai, wata ta ce ai tsufa ne, sai haƙuri. Na sha jiƙe-jiƙe, na shafa man zafi, har ƙaho an yi mini. Daga ƙarshe na koma ga abin da yawancinmu ke komawa: a aiki yaro kemis, a ce a haɗa wa Hajiya maganin gwiwa. Sai a ƙullo ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ba suna ba takarda. Gaskiya kuwa ina sha ciwon ke lafawa. Kusan shekara uku ina shan wannan haɗin kullum, sau da yawa ba tare da na karya kumallo ba.

Sai wani sabon abu ya ɓullo. In na yi shara sai haki, in na miƙe sai jiri, zuciyata ta riƙa bugawa ko a kwance nake. Tafin hannuna da cikin idona suka yi fari fat. Aka ce jini ne ya yi ƙasa, aka sayo mini maganin ƙarin jini na kwalba, aka riƙa haɗa mini lemon malt da madarar gwangwani. Na kuma lura bayan gidana ya yi baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta, amma kunya ta hana ni faɗa wa kowa. A tsakanin nan sau biyu na je asibiti. Karon farko na kai kukan gwiwa, aka rubuta mini wani maganin ciwo a kan wanda nake sha. Karo na biyu na kai kukan kasala, aka ba ni maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini. Mai duba gwiwa bai duba idona ba, mai duba jini bai tambaye ni gwiwa ba. Layi ya yi tsawo, kowa minti biyu ne rabonsa.

Ranar da na yanke jiki na faɗi a gidan suna aka kwashe ni zuwa babban asibiti. Awo ya nuna jinina bai kai 8 ba, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne macen da ba ta da ciki kada ta yi ƙasa da 12, namiji kuma 13. Aka ƙara mini jini. Washegari wata matashiyar likita ta ja kujera ta zauna ta ce, "Mama, wane magani kike sha a gida? Ko na kemis ne a kawo mini in gani." 'Yata ta ɗauko ledar. Likitar ta baje ƙwayoyin a tafin hannunta ta ware diclofenac da piroxicam da dexamethasone. Ta ce biyun farko dangi ɗaya ne da ibuprofen, suna kashe raɗaɗi, amma suna rage kariyar da ke bangon ciki, har su haddasa gyambo mai tsattsafar da jini kaɗan-kaɗan, kuma suna iya taɓa ƙoda. Shan biyu lokaci guda, ga na ukun a kai, ƙara haɗarin yake yi. Da aka zura mini na'ura mai kyamara ta baki, sai ga gyambon. Ashe garin neman gira na kusa rasa ido. Duk kwalaben ƙarin jinin da na sha, zuba ruwa nake yi a tulun da ya huje.

Hoton ƙashi ya nuna ciwon gwiwar tawa zaizayewar guringuntsi ne, wato wannan abu mai santsi da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwa don kada su gogi juna. Shekaru da nauyin jiki da tsohon rauni duk suna kawo shi, kuma ya fi kama mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 528 ne ke ɗauke da shi a duniya, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa. An gaya mini gaskiya cewa babu ƙwayar da ke mayar da guringuntsin da ya cinye. Ban ji daɗin wannan magana ba, amma ita ce ta raba ni da yawon neman wanda zai warkar da ni cikin sati guda.

Yanzu ina zuwa sashen gashin ƙashi, inda aka koya mini motsa jikin da ke ƙarfafa naman cinya don ya rage wa gwiwa nauyi. Na rage ƙiba. Ina riƙe sanda a hannun hagu, tunda ƙafar dama ce mai ciwo. Maganin shafawa nake amfani da shi, na sha kuwa sai abin da likita ya yarje mini. Ina sallah a kan kujera, kuma malamai sun tabbatar mini addini ya sauƙaƙa wa mara lafiya. Ƙwayar ƙarin jini na ci gaba da shanta wajen wata uku bayan jinin ya dawo daidai, ba na haɗa ta da shayi domin yana hana jiki tsotse sinadarin da ke cikinta, sai dai lemon zaƙi. Hanta da wake da zogale da alayyafo ba sa yankewa a tukunyata. Gwiwar tana nan da ciwonta, musamman lokacin hunturu, amma ina tafiya da ƙafata, haki ya tafi.

Abin da ke hana ni barci shi ne tsofaffin da ba su da 'yar da za ta tsaya musu. Mu a Kano muna da Asibitin Ƙashi na Dala, amma tsohuwar da ke ƙauye mai nisa sai ta nemi kuɗin mota da ɗan rakiya kafin a zo ga kuɗin hoto da awo. Aikin sauya gwiwa kuwa maganar miliyoyin naira ake yi. Shi ya sa leda ta kemis ta zama likitan talaka. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kuma a 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga 'yan Najeriya, har da tanadin asusu na masu rauni. Ina roƙon gwamnatocin jihohi su sa tsofaffi da 'yan fansho a sahun gaba, su kai awon jini da ma'aikatan gashin ƙashi asibitocin ƙananan hukumomi. Ina roƙon hukumar NAFDAC da majalisar masu harhaɗa magunguna su ƙara sa ido a kan haɗin ƙwayoyin da ake sayarwa ba suna. Likitocinmu kuma, na san yawan jama'a ya fi ƙarfinku, amma duk tsohon da ya zo da ciwon gaɓɓai ku tambaye shi abin da yake sha, ku duba cikin idonsa. Duk wanda ya zo da ƙarancin jini a nemi ta inda jinin ke zuba kafin a ba shi kwalba.

Ku kuma 'ya'ya, idan mahaifiyarku ko mahaifinku na da irin wannan ƙullin a ƙarƙashin matashi, ku ɗauke shi ku kai wa likita ya gani. Ku tambaye su cikin ladabi ko bayan gidansu ya sauya kala, domin da wuya su faɗa da kansu. Da an yi mini wannan tambayar da wuri, da ban kai ga faɗuwa a gaban jama'a ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa likitar nan da alheri.

Wassalam,
Tsohuwar malamar firamare, daga Kano