Daga Atonsu: In Mota Ta Ƙi Shan Kwana, Ku Fara Duba Taya

Damina ta sauka a Kumasi, kwalta ta fara santsi, shi ya sa wannan makon zan yi magana a kan abin da direbobinmu ke kira gardamar mota: ka murɗa sitiyari a kwana, ita kuwa ta ce sai dai ta miƙe. Duk wanda ya taɓa gangarawa daga Kuntanase zuwa Abono a bakin Tafkin Bosomtwe bayan an ɗauke ruwa ya san yadda gaba ke faɗuwa a irin waɗannan kwanoni. Mu da muke zaune a kan Lake Road, wannan hanyar tamu ce, kuma iyalanmu ne a cikin motocin.

Abin da ya ƙara sa ni ɗaukar batun shi ne samarinmu. Suna kallon wata gasa a YouTube da ake kira otokuros, inda ake jera robobin alama a babban fili, mota ɗaya ta shiga ta yi ta karkace-karkace a tsakaninsu, a ƙirga mata lokaci. A Amurka ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ce ke shirya mafi girma daga cikin irin wannan gasa, kuma ana yin wasan ƙarshe na kowace shekara a garin Lincoln na jihar Nebraska. Babbar damuwar masu wannan wasa ita ce daidai damuwarmu, wato gaban mota ya ƙi bin sitiyari. To sai yaro ya gani, ya ɗauki motar gida ya kai wa fita a Suame Magazine, ya ce a karkata masa tayoyin gaba irin na bidiyo. Alhaji yana kasuwa, bai san abin da aka yi wa motarsa ba.

Bari mu fara da dalilin gardamar. Abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. A wannan ɗan wurin ne mota ke tsayawa, a nan take tashi, a nan kuma take juyawa. Riƙon da tayar ke da shi guda ɗaya ne, ana raba shi ne. In ka cinye shi da burki ko da totur a tsakiyar kwana, babu abin da ya rage na juyawa. Idan tayoyin gaba suka riga na baya rasa riƙo, mota ta miƙe. Idan na baya suka riga, gindin motar ya wulwulo, ta juya da kai. Kamfanonin mota da gangan suke ƙera motocin gida su ɗan fi karkata ga na farkon, domin direban da ya tsorata ya ɗaga ƙafa daga totur yakan samu motar ta dawo hanya, amma wanda bayan motarsa ya kuɓuce sai gwani ko mai tsawon kwana.

Su masu gasa abin da suke yi shi ne su jingina saman tayoyin gaba zuwa ciki, abin da fitoci ke kira kamba, su ɗan buɗe bakin tayoyin waje, su yi ta wasa da iska, wani lokaci su ƙara wa ƙarfen baya tauri don bayan motar ya saki. A filinsu wannan dabara ce mai kyau, don gudun bai cika kai minti 2 ba, babu kaya, babu yara a kujerar baya, in ka kauce roba kawai za ka buge. Amma ka ɗora wannan saiti a kan motar da za ta bi hanyar Techiman zuwa Tamale da buhunan albasa, gefen tayar na ciki zai cinye tun ba a je ko'ina ba, motar ta riƙa yawo a miƙaƙƙiyar hanya, bayanta kuma ya zama abin tsoro in an yi ruwa. Mu abin da za mu koya daga gare su shi ne yadda suke kula da taya kamar jariri. Saitinsu kuwa a bar musu.

Abu na farko iska, kuma ita ta fi komai araha. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda da ke nuna awon da kamfani ya ce a sa, sau da yawa iri 2: na mota ba kaya da na mota cike. A ƙananan motoci yakan kama tsakanin 30 zuwa 35, amma ku bi abin da ke rubuce a taku. A auna da safe, tayar da sanyinta. In ka tsaya a Kintampo da rana tsaka ka ga awon ya hau, kar ka bari mai faci ya rage, zafin tafiya ne, da ta huce za ta koma. Tayar gaba mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kwana, kuma ita ce uwar gardama. Bugun taya da ƙafa ko da ƙarfe ba awo ba ne, ku sayi ɗan geji ku ajiye a mota.

Na biyu, ita kanta tayar. Na san yawancinmu ta hannu muke saya, waɗanda ake shigowa da su daga Turai, don kuɗin sabuwa ba wasa ba. To ko ta hannun ce, akwai abu 4 da za ka duba kafin ka zaro sidi. Ka nemi rubutun DOT a gefenta, lambobi 4 na ƙarshe su ne shekarunta: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Ka duba zurfin zane, akwai 'yan tudu a cikin ramukan zanen, in sun yi daidai da fuskar tayar to ta kai milimita 1.6, ta gama aiki, kuma a daminar Kumasi gara ka canza tun tana wajen milimita 3. Ka nemi inda aka rubuta Temperature, ka ɗauki A ko B. Sannan in ka ga hoton dutse da ƙanƙara a cikinsa, wannan tayar hunturun Turai ce, robarta an yi ta ne don sanyin da bai kai digiri 7 ba, a kwaltarmu mai zafi laushi take yi, ta cinye da wuri, ta ƙi tsayawa. Dokar hanya ta Ghana ta 2012, L.I. 2180, ta lissafa tayar da ta haura shekara 4 da ƙerawa, da wadda zanenta bai kai milimita 1.6 ba, da mai Temperature C, a cikin waɗanda ba su cika ƙa'ida ba. Sai dai kar a ruɗe: harafin C da ke bayan girman taya, kamar 195R15C, wani abu ne daban, yana nuna tayar ɗaukar kaya ce, kuma ita ce ta dace da Hiace ko Sprinter.

Ga wata magana da direbobi ke musu da ni a kanta kullum. In taya 2 kawai kuɗinka ya kai, ina za ka sa sababbin? Kowa zai ce gaba, tunda can sitiyari yake. Manyan kamfanonin taya irin su Michelin cewa suke a sa su a baya. Dalili shi ne wanda na faɗa ɗazu: santsin gaba kana jinsa a hannunka, ka rage gudu, amma na baya ba ya sallama. Wannan ba izini ba ne na barin suɗaɗɗu a gaba. In na gaban sun mutu, to 4 kake buƙata, ko da sai an jinkirta wata hidimar. Kuma kowane aksil ya samu taya iri ɗaya, girma ɗaya, hagu da dama.

Na uku lodi, wanda shi ne cutarmu ta fatake. Duk buhun da ka ɗora a bayan tayoyin baya ɗaga hancin motar yake yi, kamar lilon yara, tayoyin gaba su rasa nauyin da zai danna su ƙasa. Shi ya sa sitiyari ke yin sakayau in an cika but har an ɗaure ƙofarsa da igiya. Kaya masu nauyi, doya ce ko goro ko shinkafa, a sa su ƙasa, a tsakanin tayoyin gaba da na baya. Saman mota na kaya marasa nauyi ne. Hajiya, in yaron mota yana loda kayanki, ki tsaya ki gani da idonki.

Sai na huɗu, alaimen. Kafin a hau na'ura, a ɗaga motar a girgiza ƙafafun: in tayirod ko boljoin ko bushin sun yi wasa, ko shokazoba ya zubar da mai, saitin da za a yi ba zai kai Ahinsan ba ya warware. A gyara waɗannan tukuna. Tayar da kanta tana ba da labari. In gefe biyu sun cinye, iska ta yi kaɗan. In tsakiya ce, iska ta yi yawa. In gefe ɗaya ne, ko ka shafa ka ji zanen yana da kaifi kamar haƙorin zarto, saiti ya kauce. In ta yi kwarmi-kwarmi, a duba shokazoba. Ka ce wa mai aikin ya sa lambobin kamfanin motarka, ya nuna maka awon kafin aiki da bayan aiki. A yawancin ƙananan motoci bakin tayoyin gaba kawai ake iya saitawa, don haka in kamba ta fita da yawa, akwai ƙarfen da rami ya lanƙwasa, kuma canza shi ne magani.

In kuma duk da haka wata rana ta ƙi maka kwana, kar ka ƙara murɗa sitiyari, don tayar da ta riga ta kuɓuce ƙarin murɗi ƙara mata santsi yake. Ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka ɗan sassauta sitiyarin, idonka a inda kake son zuwa. Burki kuwa tun kafin kwana ake gama shi. Wannan ku koya wa duk yaron da kuka damƙa wa makulli, ku kuma gaya masa cewa wasan da yake gani a waya a rufaffen fili ake yinsa, da hular kwano a kai.

Ranar Juma'a mai zuwa, kafin a fita masallaci, ina roƙon kowane mai gida ya tsuguna gaban motarsa minti 5, ya karanta lambobin nan 4 a kowace taya, har da safaya. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.