Kafin Baba Da Inna Su Haye Bahar Maliya

Ɗan'uwa mai karatu, ko a Maiurno kake, ko a ƙauyukan Jazira, ko a wajajen Singa da Damazin, da wuya ka sami unguwar da ba ta da ɗa ko 'ya a Saudiyya. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, balle da ya iso Wad Madani a watan Disamba na shekarar, 'ya'ya da yawa sun aiko wa iyayensu bizar ziyarar iyali, don su je Jidda ko Riyad ko Madina su huta, su kuma kusanci likita. Wannan abin kirki ne. Amma akwai wata takarda da ke tafe da bizar, wadda mutane kan biya kuɗinta ba tare da sun san abin da ke cikinta ba. Ita ce inshorar lafiya, wadda muka fi sani a nan da sunan ta'amin.

Ra'ayinmu a kan wannan takarda kashi biyu ne. Na farko, dokar da ta tilasta ta doka ce mai amfani, ku bi ta da zuciya ɗaya. Na biyu, ita kaɗai ba ta isa ta riƙe lafiyar tsoho ba. Iyalin da suka dogara gare ta kaɗai za su iya wayi gari da bashin da zai ci gonarsu.

Abin da doka ta ce

Hukumar Saudiyya ba ta ba da bizar ziyarar iyali sai da inshorar lafiya daga kamfanin da ta amince da shi. Ana biyan kuɗinta lokacin neman biza. Kuɗin yakan ƙaru bisa ga shekarun mai tafiya, shi ya sa na tsoho ya fi na saurayi tsada. Iyakar abin da inshorar za ta biya wa mutum ɗaya shi ne riyal 100,000, kuma an tsara ta ne domin ciwon gaggawa, wato ciwon da ya faɗo wa mutum farat ɗaya, wanda idan ba a duba shi nan take ba zai iya rasa ransa ko wani sashe na jikinsa.

Ba Saudiyya kaɗai ke da irin wannan doka ba. Mai neman bizar ziyara zuwa Faransa ko Jamus sai ya nuna inshorar da za ta iya biyan yuro 30,000. Kanada tana da biza ta musamman domin iyaye da kakanni masu dogon zama, kuma tana neman inshorar shekara guda wadda za ta iya biyan dalar Kanada 100,000. Dalilin ɗaya ne ko'ina: asibiti yana da tsada, baƙo kuwa ba ya cikin lissafin gwamnatin ƙasar da ya je.

Abubuwa biyu suna ruɗin mutane. Wasu suna zaton katin ta'amin na Sudan zai yi musu aiki a can. Wannan tsari namu, wanda aka fara a jihar Sinnar a 1995, aikinsa a cikin Sudan ne kawai. Wasu kuma suna cewa, "Ai ɗana yana da katin asibiti daga wurin aikinsa." Wannan kati galibi na ma'aikacin ne da matarsa da 'ya'yansa. Sunan uwa da uba ba ya ciki.

Me ya sa muke goyon bayan dokar

Za ka ji wani ya ce wannan haraji ne kawai aka sauya masa suna. Ya ce Baba ya je ya yi wata uku ya dawo lafiya, kuɗin sun tafi a banza. Muna jin zafin mai wannan magana, domin riyal ba ya samuwa da sauƙi, fam ɗinmu kuma ya karye.

Amma ka tuna yadda kakanninmu suka zo ƙasar nan. Da ƙafa suka taso daga Sakkwato da Kano da Barno, suna nufin Makka. Wasu suka zauna a Maiurno, wasu suka yi aikin auduga a Jazira har suka tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin. A ayari irin nasu, idan mutum ya kwanta ciwo a hanya, jama'a ce ke haɗa hannu ta ɗauke shi. Wanda ya ba da gudummawa bai taɓa cewa ya yi asara don shi bai kwanta ba. Inshora ita ce irin wannan haɗa hannu a zamanin takarda. Mutane masu yawa suna zuba kaɗan kaɗan, wanda ciwo ya kayar a ɗauke shi da abin da aka tara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ka kuma duba abin da ke faruwa idan babu ita. Tsoho ya faɗi a banɗaki ƙashin ƙugu ya karye, ko ciwon zuciya ya kama shi da dare. Tiyata da kwanaki a ɗakin masu tsananin ciwo za su iya cinye albashin direba ko mai gadi na watanni masu yawa. Sai a bugo waya gida, a ce a sayar da shanu, ko a jinginar da hawasha. Kuɗin inshora, komai nauyinsa, bai kai wannan ba.

Abin da inshorar ba ta ɗauka

A nan ne iyalai suka fi tuntuɓe. Yawancin iyayenmu da ke tafiya suna da ciwon da suka daɗe da shi: hawan jini, ciwon sukari, sanyin ƙashi, yanar ido, ciwon ƙoda. Inshorar baƙo ba a yi ta domin lura da irin wannan ciwo yau da gobe ba. Kada ka sa ran za ta sayi ƙwayoyin hawan jini na kowane wata, ko ta biya awon sukari na yau da kullum, ko aikin yanar ido da aka daɗe ana shirinsa, ko tabarau, ko haƙoran roba. Idan ma dalilin tafiyar shi ne a yi wa Inna wani aiki da likita ya riga ya faɗa, to ku sani da kuɗin aljihu za a yi shi.

Saboda haka, kafin a sayi tikiti, 'yan'uwa su zauna, na gida da na waje, ko ta waya ne. A lissafa kuɗin maganin wata ɗaya, a ninka da watannin da za a zauna. A ware wani abu domin ganin likita sau biyu ko uku. A kuma fayyace wanda zai biya. Gara a yi wannan magana mai nauyi a tsakar gida da a yi ta a bakin ƙofar asibiti.

Kada kuma arha ta ja ku. Kowane kamfani yana da asibitocin da yake hulɗa da su. Ɗan da ke can ya nemi jerin sunayensu, ya duba wanda ya fi kusa da gidansa, ya je ya ga ƙofarsa da idonsa tun kafin iyayen su iso. Idan ɗan hanya ne ya yi muku takardun, ku bincika. A shafin intanet na majalisar inshorar lafiya ta Saudiyya ana iya sa lambar fasfo a ga ko inshorar tana aiki da ranar da za ta ƙare.

Kada a bar takarda ta mutu

Biza tana da kwanaki ƙidayayyu, haka ma inshora. Idan ana son ƙarin kwanaki, ɗan da ya gayyato su ne zai nema ta manhajar Absher, kuma ba a ƙarawa sai da inshorar da ta rufe sababbin kwanakin. Rana ɗaya da ta faɗa tsakanin tsohuwar takarda da sabuwa rana ce da Baba ba shi da kariya, ciwo kuwa ba ya duba kalanda. Ku rubuta ranar ƙarewa da manyan haruffa ku manna a bango. Ku sabunta da sauran kwanaki a gaba. Wuce wa'adin biza kuma laifi ne mai tara, kan baƙon da kan wanda ya gayyato shi.

Shirin da za a yi tun daga gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da sauran makonni, ku kawo mai tafiya asibiti a auna jininsa da sukarinsa, a saurari ƙirjinsa, likita ya ce ko zai iya jure wahalar mota zuwa Bur Sudan da jirgin da ke bayanta.

Ku karɓi takardar likita da Larabci ko Turanci. A rubuta ciwon, da ainihin sunan kowane magani, da yawan da ake sha, domin sunan da ke jikin kwali yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ku ɗauki hoton takardar ku aika wa ɗan da ke can.

A tafi da magani a cikin kwalinsa, a jakar hannu. Allurar sukari ba ta son zafi, ba ta kuma son ƙanƙara. Magunguna masu ƙarfi na kashe zafi ko na sa barci, irin su tiramadol, kada a ɗauka sai da takardar likita, domin dokar can tana da tsanani a kansu. Kada kuma a karɓi saƙon magani daga hannun kowa.

A duba katin rigakafi, musamman na shawara, da na sanƙarau ga mai niyyar yin umara.

Idan ciwo ya taso a can

Ciwon ƙirji mai nauyi, numfashi da kyar, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, suma: duk waɗannan gaggawa ne, kuma domin su aka biya inshorar. Ku kira motar asibiti a lamba 997, ku ɗauki fasfo da takardar inshora. Kada ku jira gari ya waye don tsoron kuɗi. A shanyewar ɓarin jiki, awoyi kaɗan na farko su ne ke raba wanda zai tashi da wanda zai zauna a tabarma.

Zazzaɓi ma kada a raina shi. Sauron Jazira da na bakin kogi zai iya cizon mutum a gida, ciwon ya fito bayan mako ɗaya zuwa wata guda. Ku gaya wa likita daga Sudan aka zo, ku nemi a gwada jini don zazzaɓin cizon sauro.

Gare ku, Baba da Inna

Mun san halinku. Ba ku son ɗora wa yaro nauyi, sai ku ce lafiya lau alhali ƙafa tana kumbura. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Idan aka tambaye ku ciwon da kuke da shi, a asibiti ko wajen cike takarda, ku faɗi gaskiya duka. Ɓoye ciwo zai iya sa kamfani ya ƙi biya a ranar da aka fi bukata, nauyin kuma ya koma kan yaron da kuke tausayi. Ku ci gaba da shan maganinku ko da kun ji sauƙi, ku sha ruwa sosai, ku kuma riƙe lambar wayar ɗanku a aljihu duk inda za ku.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.