Rahusar Gaskiya Tana Lokacin Kaka

Idan ba a manta ba, hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disambar 2022. Ta ragu daga baya, amma raguwarta ba ta nufin kaya sun koma tsohon kuɗinsu. Mu mazauna Gbalahi da ke gefen Tamale, taya kaya a gaban ɗan tebur ba zai fisshe mu ba, domin mai awon kwano-kwano kullum shi ya fi shan tsada. Sauƙin yana kasuwar Aboabo lokacin kaka, kafin hatsi ya yi tsada da damina. Mu haɗa adashi, mu sayi buhu, mu raba kuɗin mota. Amma a gyara ma'ajiya, kada ƙwari su cinye ribar.