Magungunan Feftayid da Alkawarin Hana Tsufa: Ina Hujja ta Tsaya?

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan da wuya a sami rukunin magunguna da ya ɗauki hankalin duniya kamar waɗanda ake kira feftayid. Allurorin Ozempic da Wegovy da Mounjaro sun zama abin hira a kafafen yaɗa labarai, har ta kai a shekarar 2023 kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak, mai yin biyun farko, ya zama kamfani mafi daraja a kasuwannin hannun jari na Turai. A inuwar wannan nasara wata kasuwa ta daban ta bunƙasa a intanet, inda ake sayar da 'yan ƙananan kwalabe na gari da ake damawa a yi allura da shi, tare da alkawarin warkar da rauni da dawo da ƙuruciya. Su ma sunansu feftayid. Ra'ayin wannan tsokaci shi ne haɗuwar suna ba ta isa ta zama hujja ba, kuma ruɗanin da ake yi tsakanin rukunan biyu yana jawo asara ta fuska biyu: yana jefa masu lafiya cikin haɗari, yana kuma kawar da hankali daga marasa lafiyar da har yau ba su samu ingantattun magungunan ba.

Mene ne feftayid?

Jikin ɗan Adam yana gina furotin ne daga tubala guda 20 da ake kira amino-asid. Idan tubalan suka jeru da yawa, ɗaruruwa ko dubbai, sai a ce furotin. Idan jerin gajere ne, daga biyu zuwa kimanin hamsin, sai a ce feftayid. Masanin kimiyyar haɗa sinadarai na Jamus, Emil Fischer, shi ya raɗa wannan suna a farkon ƙarni na 20. Ga mai nazarin harshe, misali mafi kusa shi ne na haruffa da kalmomi: tubalan su ne haruffa, feftayid kuwa kalma ce, kuma kamar yadda harafi guda ya raba "kafa" da "ƙafa", haka sauya tubali ɗaya ko biyu kan sauya aiki baki ɗaya. Homon ɗin oksitosin da na basofuresin kowannensu tubala tara gare shi, a wurare biyu kaɗai suka bambanta, amma na farko babban aikinsa matse mahaifa da zubo da nono, na biyu kuwa sa ƙoda ta riƙe ruwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kiran wani abu feftayid bai faɗi komai game da amfaninsa ko illarsa ba. Kama da wane ba ta wane.

Yawancin feftayid saƙonni ne da wata gaɓa ke aika wa wata ta cikin jini. Suna da rauni guda biyu da suka daɗe suna ba masu haɗa magani wahala: tumbi yana narkar da su kamar yadda yake narkar da nama, shi ya sa akasari sai ta allura, sannan jiki yana rusa su cikin ɗan ƙanƙanen lokaci.

Abin da gwaji ya tabbatar

Tarihin wannan fanni ya fara ne da insulin. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tato shi daga gaɓar fankiriyas a Jami'ar Toronto da ke Kanada, a ɗakin binciken John Macleod, James Collip kuma ya tace shi. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson allurarsa, ya farfaɗo daga cutar da a lokacin hukuncin kisa ce. A 1953 Vincent du Vigneaud ya haɗa oksitosin a ɗakin gwaji, a 1963 Bruce Merrifield ya fito da dabarar jera tubalan ɗaya bayan ɗaya cikin sauƙi, a 1982 kuma aka amince da insulin irin na ɗan Adam da ƙwayoyin bakteriya ke samarwa. A yau akwai magungunan feftayid fiye da 80 da hukumomi suka amince da su. Daga cikinsu akwai terifaratayid, wanda tun 2002 ake ba tsofaffi masu zaizayar ƙashi domin rage karaya.

Labarin GLP-1 shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Homon ne da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci. Yana sa fankiriyas ya saki insulin idan sukari ya hau, yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, yana kuma isar wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. An gano shi a shekarun 1980 ta ayyukan masana irin su Joel Habener da Svetlana Mojsov da Daniel Drucker da Jens Juul Holst, sai dai bai yi amfani a matsayin magani ba domin cikin minti biyu jiki ke lalata rabinsa. Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. A 1992 wani likita a Niyok, John Eng, ya bayyana wani feftayid mai kama da shi a dafin ƙadangaren Gila na hamadar kudu maso yammacin Amurka, wanda ke daɗewa a jini. Daga nan aka sami ekzenatayid a 2005. Semagulutayid, wanda shi ne sinadarin Ozempic da Wegovy, an gyara shi ne ta yadda zai maƙale wa wani furotin na jini, sai ya zama allura ɗaya a mako ta wadatar. An amince da shi don ciwon sukari a 2017, don ƙiba kuma a 2021.

Abin lura a nan shi ne girman gwajin da aka yi. A gwajin STEP 1, mutum 1,961 aka raba gida biyu na tsawon mako 68: waɗanda aka ba maganin sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da ba komai a cikinta kuwa kashi 2.4. A gwajin SELECT da aka wallafa a 2023, mutum 17,604 masu ciwon zuciya da ƙiba aka bibiya. Kashi 6.5 cikin ɗari na masu shan maganin suka gamu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ta dalilin zuciya, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 8. Irin waɗannan gwaje-gwaje ne kuma suka fito da aibun maganin: tashin zuciya da amai da gudawa, tsakuwar matsarmama, da raguwar tsoka tare da kitse, abin da ke da hatsari ga tsoho. An kuma ga cewa shekara guda bayan daina allurar, kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin da aka rage yana dawowa. Har ila yau, gwaji ne ya rushe fatan da aka ɗora wa maganin game da cutar mantuwa ta Alzheimer, domin a ƙarshen 2025 kamfanin da kansa ya sanar cewa bai rage saurin cutar ba. Ingantaccen magani ke nan: an san iyakar amfaninsa, an san farashin da jiki ke biya.

Kasuwar hana tsufa

A ɗaya gefen, labarin ya sha bamban. Tushen wannan kasuwa yana komawa ga wani bincike da Daniel Rudman ya wallafa a 1990, inda aka yi wa maza 12 da suka haura shekara 60 allurar homon ɗin girma na wata shida. Tsokarsu ta ƙaru, kitsensu ya ragu, amma ba a auna ƙarfinsu ko tsawon ransu ba. Duk da haka 'yan kasuwa suka riƙe binciken a matsayin tambarin talla, har mujallar da ta buga shi ta fito a 2003 ta ja kunne. Bitar da masana na Jami'ar Stanford suka yi a 2007 ta nuna cewa sauyin da homon ɗin ke kawowa ga lafiyayyen tsoho kaɗan ne, alhali kumburi da ciwon gaɓoɓi sun ƙaru.

Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaure kai. Binciken dabbobi ya nuna cewa ɓerayen da aka haifa da ƙarancin homon ɗin girma sun fi takwarorinsu tsawon rai nesa ba kusa ba. A ƙasar Ekwado kuma, wani nazari na 2011 kan mutanen da jikinsu ba ya amsa wannan homon ya gano cewa ciwon daji da ciwon sukari kusan babu su a cikinsu, ko da yake tsawon ransu bai zarce na danginsu ba. Ke nan mai sayen feftayid don tunzura jikinsa ya ƙara fitar da homon ɗin girma yana iya kasancewa yana tura motar ne zuwa inda yake gudu.

Sauran sunayen da suka cika kasuwar ma haka suke. BPC-157, mai tubala 15, kusan duk shaidar da ake kafawa da shi daga ɓeraye take, kuma mafi yawanta daga rukunin masu bincike guda a birnin Zagreb na Kuroshiya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta shi tun 2022, hukumar kula da magunguna ta Amurka kuma a 2023 ta sa shi cikin jerin sinadaran da ke iya zama haɗari. Efitalon, mai tubala huɗu, wanda ake cewa yana tsawaita rai, ya fito ne daga ayyukan Vladimir Khavinson a birnin Sen Fitasbag na Rasha, kuma babu wani babban gwaji mai zaman kansa da ya tabbatar da da'awar. Masu sayarwa sukan rubuta a jikin kwalba cewa don bincike ne kawai, ba don ɗan Adam ba. Wannan rubutu kariya ce ga mai sayarwa a gaban kotu, mai saye kuwa shi ya san inda dare ya yi masa.

Masu kare wannan kasuwa suna da hujjojin da ya kamata a saurara. Suna cewa rashin gwaji ba ya nufin rashin amfani, kuma kamfanoni ba sa kashe kuɗi kan sinadarin da ba za su mallaki haƙƙinsa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai maganar ta tsaya ne a kan cewa ba a sani ba, wanda ba a sani ba kuwa ba a tallata shi da sunan waraka. Mafi yawan magungunan da suka yi nasara a jikin ɓera sukan faɗi idan aka zo kan mutum. Suna kuma cewa baligi yana da 'yancin yin abin da ya ga dama da jikinsa. Amma zaɓi yana cika ne idan mutum ya san abin da ke cikin kwalbar. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi amfani da jabun Ozempic da ake kyautata zaton insulin aka zuba a ciki, a watan Yunin 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka kama a Burazil da Birtaniya da Amurka. Idan an iya yin jabun maganin da ke da kamfani sananne da lambar rajista, ina ga garin da ba a san masana'antarsa ba?

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Babban abin takaici shi ne feftayid ɗin da aka tabbatar da ingancinsu tun tuni ba su kai ga masu buƙata ba. A 1923 waɗanda suka gano insulin sun sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakarsa a kan dala ɗaya kowannensu domin kada kuɗi ya hana kowa samu. Bayan kusan shekara ɗari, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa kusan rabin masu nau'i na biyu na ciwon sukari da ke buƙatar insulin ba sa samunsa, kuma kamfanoni uku ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin ɗari na kasuwarsa. Farashin Ozempic a takarda a Amurka ya haura dala 900 a wata a 2024, alhali wani nazari na wannan shekarar ya ƙiyasta cewa ana iya samar da na wata guda a ƙasa da dala biyar.

Oksitosin shi ne misalin da ya fi shafar ƙasashe masu zafi. Shi ne maganin farko na hana zubar jini bayan haihuwa, wanda ke kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen mata masu juna biyu a duniya. Maganin yana son sanyi, zafi yana rage masa ƙarfi, ƙaramin asibitin karkara kuwa sau da yawa ba shi da wutar da za ta riƙe firiji. A 2018 wani gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma, har da Nijeriya, ya nuna cewa karbetosin mai jure zafi yana yin aiki kwatankwacin na oksitosin wajen hana zubar jinin. Wannan feftayid ne da zai ƙara wa dubban mata shekaru masu yawa, ba a kuma jin ɗuriyarsa a cikin hayaniyar hana tsufa.

Kammalawa

Babu wani feftayid da gwaji a kan mutane ya tabbatar yana jinkirta tsufa shi kansa. Abin da aka tabbatar shi ne wasunsu suna rage cututtukan da ke tafiya da shekaru, irin su ciwon sukari da na zuciya da na ƙoda da karayar ƙashi, wannan kuwa ba ƙaramar nasara ba ce. Bisa ga haka, ya dace hukumomin kula da magunguna, har da NAFDAC, su ɗauki duk feftayid da ake yi wa mutum allura a matsayin magani mai buƙatar rajista, ko da me aka rubuta a jikin kwalbarsa. Ya dace gwamnatoci su yi amfani da damar da ta samu bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan GLP-1 cikin jerin muhimman magunguna a 2025, da kuma ƙarewar haƙƙin mallakar semagulutayid a 2026 a ƙasashe irin su Indiya da Sin da Burazil, su nemi sauƙin farashi, ba tare da sun manta da insulin da maganin zubar jini ba. Masu rubutu da masu watsa labarai kuma, duk lokacin da aka kawo musu labarin sabon maganin ƙuruciya, tambayoyin da za su fara yi su ne a kan wa aka gwada shi, mutum nawa, kuma tsawon wane lokaci. Sai an gwada akan san na ƙwarai.